Kifin Malam da Baƙin Falona

Mijina kifi ya zo karantawa a Amurka. Ranar da na faɗa wa mahaifiyata haka a waya, sai ta ce, "Kamawa ko sayarwa?" Na ce aunawa. Ta ce Allah ya kyauta, ta koma tambayata ko ina samun daddawa.

To aunawar ce kuwa. Kuma ba manyan kifayen da mutum zai gani ya tuna da miya ba. Wasu 'yan mitsi-mitsi ne masu ɗigo-ɗigo a jiki, tsawonsu bai wuce ɗan yatsa ba, Turawa na ce musu tirawut, dangin wani kifi da suke kira samon. Ba sa zama sai a ruwan sanyi mai gudu. Akwai rafin da ya ratso ta gefen College Park, inda muke zaune. In ka bi shi can sama, inda bishiyoyi suka rufe shi, nan suke. Malam, haka nake kiran mijin nawa, shi da abokan karatunsa sukan datse rafin da raga gida-gida. Wani gidan su zuba 'ya'yan kifin kaɗan, wani da ɗan dama, wani kuma su cika shi maƙil. Bayan watanni su dawo su kama su, su auna tsawo da nauyi, su ga wanda ya girma da wanda ya tsumbure. Tambayar digirin nasa ke nan gaba ɗaya: shin cunkoso yana hana yaro girma? 'Ya'yan kifi fa. Na mutane ni ya bar wa.

Gidanmu ɗaki biyu ne da falo, a saman bene. Ɗaya namu, ɗayan na 'yarmu, wadda a lokacin ba ta shiga makaranta ba. Haka dai aka tsara a baki. Amma duk Bahaushen da jirgi ya sauke a Washington bai san inda zai sa kansa ba, in ka laluba aljihunsa lambar Malam za ka samu. Ban san wanda yake rabawa ba, amma Allah ya isa tsakanina da shi.

Kawu ne ya fara zuwa, wan mahaifiyar Malam, aka yi masa aikin ido. Dattijo ai ba a kwantar da shi a falo, sai muka ba shi ɗakin yarinya, ita kuma ta dawo gadonmu. Ido ya warke tas, har zare yake zura wa allura ina kallo, amma bai ce zai tafi ba. Sai ɗalibai biyu suka zo, wai kafin su sami ɗaki. Sai wani bawan Allah da ya zo taron kwana uku, taro ya watse, shi bai watse ba. Sai ɗan ƙanen baban Malam, mai jiran wani aiki a Alexandria, wani gari nan kusa da mu, da kullum ake cewa mako mai zuwa. Da asuba in zan shiga kicin sai na riƙa tsallake ƙafafu ina ba da haƙuri, a gidana.

Kuma kun san halinmu, ba a tambayar baƙo yaushe zai tafi. Ko "ya shirye-shiryen komawa?" ka ce, ka yi kora, kuma kafin magariba labarinka ya isa Kano an ƙara masa gishiri. Ni ba zan faɗa ba, Malam kuwa gara a yanka shi.

Abin da ya tsaya min a rai 'yata ce. Ba ta da gado, ba ta da inda za ta baza 'yan tsanarta ba a taka ba. Barci take a gicciye a ƙafafunmu, abinci kuma a tire ɗaya da ƙarti, hannunta ɗan ƙarami yana kokawa da nasu. Ga ta 'yar firit. Da na kai ta asibiti likita ta ce ta ɗan gaza sa'o'inta nauyi, amma ba abin damuwa ba ne. Rabin maganar na farko na ɗauko, na bar mata na biyun a ofis. Abu ɗaya ne ya girma a jikin yarinyar nan, bakinta. Yini take a gindin Kawu, yana ce mata amaryarsa, tana ce masa ita ba ta auren mai furfura. Ta kwashe Hausar tsofaffi kaf. Ranar da ta dube ni ta ce, "Ke dai bari, zamani ya lalace," saura kaɗan in saki tukunya. In mun je suna, matan da 'ya'yansu ke amsa musu da Turanci sai su kewaye ta suna sa ta magana suna dariya. Ni ban ga abin dariya ba, ƙasusuwan wuyanta nake kallo.

Wata Asabar da bazara na ce wa Malam yau sai na ga kifin nan da ya hana mu zama a ƙasarmu. Kawu ya ce shi ma zai je, amaryarsa kuma ba a barinta. Muka tafi mu huɗu.

Wurin da kyau, ba zan yi ƙarya ba. Ruwa garau, kana ganin tsakuwa a ƙasa. Malam ya zura wani wandon roba da ya zo masa har ƙirji, ya shiga ruwa yana tafiya kamar mai ciki wata tara. Ya ce mu durƙusa mu duba da kyau. Da ƙyar na gan su. Kowane ɗan kifi ya tsaya a wuri guda, ya fuskanci inda ruwa ke tahowa, yana kaɗa jela, ba ya gaba ba ya baya. Malam ya ce jira suke. Ruwa ne ke kawo musu ƙananan ƙwari, wanda ya kama wuri mai kyau shi ke fara cafkewa, na bayansa sai abin da ya kuɓuce.

Ya ɗebo ɗaya daga gidan da suke kaɗan, ya sa a 'yar roba da ruwa, ya ɗebo wani daga gidan da aka cika. Ranar ɗaya aka zuba su, amma na farkon ya yi ɓul-ɓul, na biyun kuwa kai ne kawai da ido.

Kawu ya leƙa, ya girgiza kai. "Yanzu kai da hannunka ka tara bayin Allah a wuri ɗaya ka hana su abinci, kuma a ba ka digiri?" Ya sa hannu a aljihu ya fito da sauran ƙosan safe a takarda, zai marmasa musu. Malam ya yi kukan kura daga cikin ruwa, har ya kusa kifawa. "Kawu, don girman Allah! Aikin shekara guda ne!" Kawu ya mayar da ƙosansa yana cewa shi bai taɓa ganin ilimin da ke hana sadaka ba.

Ni kuwa idona na kan ɗan tsumburarren nan. Na dubi 'yata da ke tsugune tana jefa tsakuwa, na sake duban kifin. Wani daɗi ya kama ni, irin na wanda ya tsinci sanda a daidai lokacin da yake neman ta duka.

Na bari sai da Kawu ya ja yarinya suka yi gaba neman wurin alwala. Na gyara murya, na yi ladabi kamar ɗaliba.

"Malam, in na fahimta, yawa ne ya hana wannan girma?"

"Ƙwarai," ya ce, har da murmushi, yau matarsa ta shiga ilimi. "Abincin da ruwa ke kawowa bai ƙaru ba, bakuna ne suka ƙaru."

"Ikon Allah. To a gidanmu wane rukuni ka sa 'yarka? Na 'yan kaɗan ko na maƙil?"

Murmushin ya tafi. Ya sunkuya yana gyara ragar da ba abin da ya same ta. Na ce a raina na gama da shi. Ashe ban san wanda na aura ba. Can ya ɗago, fuskarsa ta malamai, ya ce, "Ai abin da muke gani a nan ya fi haka ban mamaki. Raguwar girman tun a farko take faruwa. In kifi yana shi kaɗai ka ƙara masa biyu ko uku, nan ne yake jin jiki. Amma in sun riga sun yi yawa, ƙarin wasu ba ya canza abu mai yawa." Ya kawar da kai. "Kin ga ke nan, tunda mun riga mun kai inda muka kai, ko da wani zai ƙaru..."

"Wani zai ƙaru?"

"Wani yaro ne, ɗan abokin yayana. Ranar Talata zai sauka. Da ma ina neman yadda zan faɗa miki."

Jama'a, da ilimin da na ɗauko in dake shi, da shi ya rama! Raina ya ɓaci har kunnuwana suka yi zafi. Amma ban ɗaga murya ba, don Kawu na kusa. Na ce, "Tambaya ta ƙarshe, Malam. In babu ragar nan taku, wanda bai sami wuri ba, ya yake yi?"

"Sai ya bi ruwa ya gangara, ya nemi inda ba kowa."

Na ce na gode, Allah ya ƙara ilimi. Ya ce amin, da zuciya ɗaya.

Ranar Talata, yana fita ɗauko ɗan abokin yayansa, na bi ruwa. A Kano da gidanmu zan tafi, amma a nan gidanmu na bayan teku, sai na kira Hajiya. Hajiya 'yar Kumasi ce, tana zaune a Gaithersburg, wani gari da ba shi da nisa da mu, aikinta kula da tsofaffi, kuma tun da muka haɗu a masallacin Idi ta ɗauke ni ƙanwa. Ina ce mata yaji zan yi, ta ce, "Alhamdulillahi! Ki tsaya nan, ga ni nan da mota." Ta ce shekarunta da yawa a ƙasar nan ba ta ga an yi yaji na gaske ba, kowa sai dai ya kira lauya.

Ban tafi a ɓoye ba. Na durƙusa na gaida Kawu, na ce zan je in kwana biyu wurin yayata. Ya dubi akwatin, wanda ya fi ƙarfin kwana biyu, ya dube ni, ya ce Allah ya kiyaye hanya. Tukwane na bar su a wanke, firji kuma ba ko cokalin miya, don tun jajibiri na tabbatar an cinye.

A gidan Hajiya muka baje. Gado guda ni da 'yata, shinkafa da wake irin tasu da baƙin barkonon nan mai sa hawaye, ga hira. Labarin gidana kuwa yana zuwa min kullum, domin matar wani abokin Malam tana bene ɗaya da mu, kuma Allah ya hore mata ido da baki.

Daren farko Malam ya dafa taliya. Washegari taliya. Rana ta uku ya gwada tuwo, na'urar hayaƙi ta yi ta ihu har maƙwabta suka fito. Daga nan ruwa ya fara aikinsa. Ɗaliban nan biyu, da suka shekara suna neman ɗaki, suka samu a yini ɗaya. Mai taro ya tuna yana da iyali a gida. Mai jiran aikin Alexandria ya gano cewa jiran zai fi sauƙi a Alexandria. Sabon yaron ma bai gama buɗe jakarsa ba ya bi ɗaliban. Duk wanda aka ce min ya tafi, sai Hajiya ta rangaɗa guɗa a kicin, ni kuma in yi ta dariya har da riƙe ciki. Ban ji tausayin kowa ba, wallahi. Ba wanda ya kore su, abincin da ruwa ke kawowa ne ya ƙafe.

Malam yana kira, ina ɗauka, mu gaisa lafiya lau. Ya ce yaushe zan dawo, in ce ai ba a tambayar baƙo yaushe zai tafi, Hajiya za ta ji ba daɗi.

Ranar Lahadi suka zo biko, shi da Kawu. Malam ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Hajiya ta sha kunu, ta zauna a matsayin uwa, ta wanke shi tas da Hausarsu ta Kumasi, yana ta "haka ne, Hajiya." Ina daga gefe na sunkuyar da kai kamar mutuniyar kirki, alhali cikina fal dariya. 'Yata kuwa tun da ta ga Kawu ta ɗare cinyarsa, tana ba shi labarin wata mage da ta gani.

Da Hajiya ta gama, Kawu ya yi gyaran murya. Na ɗauka haƙuri zai ba ni a madadin ɗansa. Sai ya ce, "'Yata, na sa an yanka min tikiti. Jibi zan koma." Na ɗago da sauri na ce, "Haba Kawu, ai ba da kai nake ba." Kuma har ga Allah rabin maganar gaskiya ce. Ya yi murmushi. "Na sani. Amma ɗakin amaryata na tare, kuma na daɗe da sanin haka. Daɗin hirarta ne ya riƙe ni. Can gida jikokin duk sun girma, ba mai zama ya saurari tsoho." Ya shafa kan yarinyar. Dariyar da ke cikina ta mutu. Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa idona, sai na tashi na ce bari in kawo ruwa, alhali ga ruwa a gabansu.

Na koma gidana. Muka raka Kawu filin jirgi, yarinya ta yi kuka har ta yi barci a mota. Na wanke ɗakin, na sa labule mai furanni, na jera 'yan tsana a kan gado. Falona ya dawo falo, ina tafiya ba na tsallake kowa. Na ji daɗi, kuma har yau ban ce ban ji ba. Yarinya ta shiga makaranta, ta yi kumatu, ta yi tsawo. Duk sanda Malam ya tsayar da ita a jikin ƙofa ya ja layi da fensir, sai in zo in tsaya a bayansa in ce, "A rubuta a digiri." Ya ce yara da ma suna girma a wannan shekarun, ko da cunkoso ko babu. Na ce a dai rubuta.

Gidan ya yi shiru, ban kuma lura da irin shirun ba. Malam yana rafi ko laburare, ni na sami aiki a wani kanti, yarinya tana makaranta, in ta dawo ga talabijin. In na ce mata "zo ki ci abinci," ta zo. In na ce "ina takalminki," ta nuna. Tana ji sarai. Ban tsaya na lura da wane harshe take amsa min ba, tunda ni ma ina jin Turancin.

Sai da Babbar Sallah ta zagayo muka kira gida. Aka ba Kawu waya, na sa a lasifika, na kira 'yata. Muryarsa ta fito, ta ƙara tsufa. "Amaryata! Kin manta da mijinki ko? An ce kin yi ƙiba, to ni na fasa, na sami wata."

Ta ƙyalƙyale da dariya, ta gane tsaf. Ta buɗe baki za ta rama, na ga tana lalube, leɓenta na motsi. Sai ta saki zance da Turanci, mai tsawo, har da buga ƙafa.

Can Kawu ya ce, "'Yata, me ta ce?"

Ni na fassara. Na ce ta ce ita ma ba ta so, mai furfura kawai. Ya yi dariya, amma ba irin waccan ba. Ya ce, "To, a gaishe ta." A gaishe ta, tana tsaye a gaban wayar. Na shiga ɗakinta mai labulen furanni na zauna a bakin gado. Yarinyar da ke cewa zamani ya lalace, yau ni ce tafinta tsakaninta da Kawu.

Malam bai ce min komai ba, kuma na gode masa. Da ya ce a rubuta a digiri, da sai an sake kiran Hajiya.

Bayan 'yan watanni wayarsa ta yi ƙara muna cin abinci. Na ga yana ta "to, to, bari dai in gani," yana satar kallona kamar wanda ya fasa kwano. Ya rufe wayar da tafin hannu ya ce wata tsohuwa ce, gwaggon abokinsa, za ta zo ganin likitan ƙafa, amma zai ce musu ba wuri.

Na ce, "Tana jin Turanci?"

"Ko kalma ɗaya."

"Tana da surutu?"

Ya ce abokin nasa ya ce ba ta rufe baki sai in tana salla.

"Ka ce ta zo. Ita kaɗai fa, Malam. In na ga ƙafa ta biyu a falon nan, ka san hanyar Gaithersburg."

Wannan karon ban fitar da 'yata daga ɗakin ba, gadon na ce su raba. Ta yi ta ƙunƙuni da Turanci, Gwaggo kuwa duk abin da aka faɗa mata sai ta ce, "Me kika ce, 'yar nan? Yi min da bakin mutane." Haka suka yi ta fama. Wata Asabar da rana na ɗauko wanki zan kai ɗakin, na tarar Gwaggo ta baje a gado tana barcin azahar, ta tura yarinyar jikin bango. Yarinyar ta yi magana da Turanci, ba a motsa ba. Ta sake, ba a motsa ba. Ta tsaya tana lalube, sannan ta ɗaga murya, a karkace, da ƙyar:

"Gwaggo, ki matsa mana! Kin danne min ƙafa!"

Ina tsaye a bakin ƙofa da kayan wanki a hannu, na kasa shiga.